Manton Kaporal Gado Ya Je Yaƙi Kandi

Tun da na dawo daga Kandi ban ci goro cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna bakin kasuwar Dogon Dutsi sai wani ya matso: "Baba Na-Allah, wai da gaske an sa ku cikin silima?" In na fito masallaci, kafin in lalubo takalmina wani ya riƙe mani hannu: "Wai mi ya samu manton Kaporal?" Bakina ya gaji. Tunda dai an taɓa kama ni an kai lakkwal, makarantar boko, ina yaro, na zauna har na iya riƙon alƙalami kafin a gane ba za a samu akawu daga gare ni ba, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Wanda bai iya karatu ba ya nemi wanda ya iya, ya ba shi goro.

Kaporal Gado na Matankari taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. An kwashe shi a yaƙin Jamus na farko, ya dawo da abu uku: igiyar kaporal, da tari, da manto. Manto doguwar rigar sanyi ce ta soja, ta ulu mai kauri, ruwan ƙasa, ta sauka har ƙasan gwiwa, da maɓallan tagulla jere biyu masu hoton ƙugiyar jirgin ruwa. Matarsa Tabawa ke ajiyarsa. Yana kwana cikin adudu da busasshen barkono da tazargade don kada asu ya taɓa shi. Sau ɗaya a shekara ake fito da shi, ranar tsoffin soja, sa'ad da kumandan, Baturen mulkinmu, ke tara su gindin tuta. Masu kaki su tsaya gaba, masu lambar ƙirji kawai bisa rigar gida su tsaya baya. Gado kuwa shi ne na farkon layi, don duk Arewa babu mai manto irin nasa, ko maɓalli ɗaya bai ɓace ba. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, ɗiyansa sun watse cin rani. Wanga manto shi ne sarautarsa.

Ana cikin yankan gero sai ga gardi, dogarin kumandan, daga biro, wato ofishinsa. Wai wasu Turawa suna yin silimar wancan yaƙi a Kandi, cikin Dahomai, suna son tsoffin da sunka gani da idonsu su je su nuna wa samari yadda anka yi. An zaɓi Gado, da Noma na Kiyeshe, wanda ya yi aikin igwa har igwa ta tafi da kunnuwansa. Ni kuma in bi su in yi tafinta, don tafintan gaske kumandan ba ya iya rabuwa da shi.

Na tambayi gardin, "To yaƙin Faransa, don mi ba a yi shi a Faransa ba?"

Ya ce, "Wai kai baƙar fata can da tsada. Jirgi."

Gado ya ce, "Wancan karon ba su ga tsadar jirgi ba."

Da munka je ɗaukar manton, Tabawa ta zauna bisa adudun kamar kaza bisa ƙwai.

"Ba ranarshi ba ce," ta ce.

"Ke, Turawa ne za su ɗauke ni hoto. Duk Matankari za a gan ni ga bango, ciki nai."

"Ka tafi da lambarka."

"Lamba ko Noma na da ita!"

Sai da na sa baki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai Na-Allah, kai da ko hularka ba ka iya riƙewa? To ku ji. Yadda ya fita haka zai dawo. In zare ɗaya ya tashi, kada ya shigo mani gida, ka riƙe taubashinka can wajenka ka ciyar da shi." Na yi dariya na ce na ji. Ita ba ta yi dariya ba.

Kamyo, babbar motar gyaɗa, munka hau. Mu bisa buhuna, Gado rungume da adudu. A Kore Mairuwa anka ɗauki wani Bafillace da ragonsa, anka ɗaure ragon can ƙololuwar kaya, daidai bisa kanmu. Ba mu yi nisa ba ragon ya ji hanya ta girgiza mashi mara. Ni na kauce, Noma bai ji gargaɗi ba balle ya kauce, Gado kuwa ya kifa cikinsa bisa adudun ya ba da bayansa, ya karɓe ta duka har ɗigon ƙarshe. Bafillacen ya ce, "Baffa, jinjiri ne ciki?" Gado ya ce, "Ya fi." Na ce masa a yaƙi ma ban ji an ce ya kāre wani haka ba. Ya ce in rufe baki, ni da iyakar yaƙina da ƙudan kasuwa.

A Dosso munka kwana gidan wani Ba'are, mutumin wajenmu, mai sayar da nama, wanda ya daɗe can har Hausarsa ta fara karkacewa. Zabarmawan garin mutanen kirki ne, sai dai gaisuwa ɗaya gare su, fofo, da ita za a yi maka sannu, da ita za a gode maka, da ita za a yi maka ta'aziyya. Noma ya ga abin ya yi masa sauƙi, ya kama ta da ƙarfinsa na kurma. Har jakin mai gida sai da ya sha fofo.

Garin Gaya nan ne iyaka, kogin Kwara ya raba mu da Dahomai. Abin da ban gane ba har yau: Faransa ce wannan gaɓa, Faransa ce waccan, tuta iri ɗaya, amma sai an bincike ka kamar ka sato kogin. Wani malamin likita ya jera mu ya bi yana lalube mana wuya, wai neman ciwon barci. Ya samu Noma yana gyangyaɗi a tsaye, har ya fara murna. Daga nan wani gardi mai ƙaton ciki ya nuna adudun da sandarsa.

"Buɗe."

Gado ya ce, "A hankali, ɗana, kayan gwamnati ne."

"Shi ya sa. Buɗe."

Ya tura kai ciki da zafin nama. Barkonon Tabawa na shekaru ya tarbe shi. Ya yi atishawa har hularsa ta faɗa ruwa, yaran jirgin fito sunka bi ta da gora. Hawaye na zuba ya yi mana hannu mu wuce. Ban taɓa ƙetare iyaka da sauri haka ba.

Can ƙetare ƙasa ta sake. Itatuwa sun yi tsawo, ciyawa ta fi mutum, ruwa ko'ina kamar ba a san darajarsa ba. Mutanen wajen, Bargawa, in za su gaida babba sai su durƙusa har ƙasa bakin hanya, a yi ta amsa wa juna da gunaguni a hankali, ba mai gaggawa. Gado ya ɗauka mantonsa anka hango ta cikin adudu. Na bar shi da zatonsa.

A Kandi Turawa suna gidan saukar baƙi na gwamnati, mu anka kai mu zango, ɗakin da anka kwashe albasa ranar. Abinci kuwa doya ce, a kirɓa ta a turmi har ta yi yauƙi, a kwarara mata miyar man ja mai yajin da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Noma da ba shi da haƙora ya ce ashe Aljanna kudu take. Gado ya nemi fura, anka kawo masa wani farin kamu daskararre cikin ganye, ya duba ya ce shi ba ya jinya. Abin da ya cece shi shi ne cukun Fulanin can, mai taushi, jan baya, ana soya shi kamar nama. Wannan kam in da za a kawo shi kasuwarmu da na sayar da hulata.

Washegari anka kai mu Faransa. Tana bayan gari kaɗan, kusa da wata gonar rogo. An haƙa dogon rami mai kwana-kwana, an kafa waya mai ƙaya, an sassare itatuwa an babbake kututturan. Mata sun yi layi daga rafi da tuluna suna juye ruwa a ƙasa, maza na tattakawa, don a samu taɓo. Mu da matanmu ke jan guga gaba ashirin kafin a ga ruwa, munka tsaya muna kallo kamar an mutu. Can baya akwai wani mangwaro da mai gonar ya hana a sare. Kullum sai an juya akwatin hoton don kada mangwaron ya shiga Faransa.

Manyan wurin biyu ne. Akwai mai gidan aikin, gajere, jajir, yana magana ta cikin wani ƙaton mazurari na kwano ko da kana gabansa. Mun sa masa Mai Mazurari. Akwai kuma matar da ke kula da tufafi, doguwa, busasshiya, almakashi rataye a wuyanta kamar laya, da wani littafin hotunan soja da ba ta ajiyewa. Ita ce Madam Almakashi. Waɗannan biyu ba su taɓa yarda da juna ba ko a kan gaisuwa.

Samarin da za su zama mu, an kwaso su daga ƙauyuka. An ɗinka masu manto da buhunan gyaɗa rinannu, an ba su bindigogin da masassaƙin turmi ya sassaƙa anka shafe da baƙin tukunya. Jamusawa kuwa wasu Kwarori ne, Larabawa masu kanti, da akawuna biyu farare-farare. Akwatin hulunan ƙarfensu ya ɓace a hanya, wai jirgi ya sauke shi wata ƙasa, sai anka sa mai gyaran ƙwarya ya yanko ƙoƙuna anka shafa masu toka, anka kafa wa kowane tsinke a tsakar kai.

Noma ya zagaya wani Bakwara ya ƙwanƙwasa masa kai da yatsa. Ya ce da muryar da anka ji har rafi, "Wanga Bajamushe na shan fura ne! Kuma sa'ad da na isa can sun bar sa tsinke!"

Madam ta buɗe littafinta ta ce tsohon ya yi gaskiya. Mai Mazurari ya ce in babu tsinke, ta yaya mai kallo zai san mugu?

Haka anka yi ta yi. Mai Mazurari yana son samari su shiga yaƙi ba takalmi, da jar dara a kai, da adda a baki. Madam ta ce a littafi akwai takalmi da hular ƙarfe. Anka ce a tambayi tsoffi, abin da anka kawo su yi ke nan.

Na juya wa Gado maganar da Hausa. Ya ce, "Gaya mashi takalmi akwai. Girman ƙafarka ne babu. Jar dara kuwa ta fareti ce, mai sa ta cikin rami bai kai la'asar."

Noma ya ce, "Mi ya ce?"

Na ɗaga murya, "Jar dara!"

"Mun sa! Ni na sa!"

Gado ya ce, "Kai kana can baya wajen igwa, ko rawani ka naɗa wa ya gan ka?"

"Wa ya ce baya? Ku da kunka gudu, wa ya tare maku?"

Shaidu biyu da anka ɗauko tun daga Arewa sunka kama rigar juna gaban Turawa. Da anka ce su nuna wa samari naɗin ƙwauri, wato ƙyallen da soja ke naɗewa daga idon sawu zuwa gwiwa, Gado ya fara daga ƙasa, Noma daga sama, kowa na rantsuwa. Gado ya duƙa, tumbi ya hana shi isa ƙafarsa, sai Madam ce ta durƙusa ta naɗa masa daga littafi, ya kuwa zauna daram. Ya ce to, haka yake nufi tun farko.

Yini guda anka kashe kan jar dara. Da yamma na tambayi mai juya akwatin hoton, wani siriri mai taba a baki kullum, ko jan zai fito da kyau. Ya ce wane ja? Akwatin nan baƙi da fari kawai ya sani. Ban gaya wa kowa ba, na ga suna jin daɗin gardamarsu.

Sai ranar da Gado ke jira. Ya buɗe adudu, ya kakkaɓe barkono, ya sa manto, ya ɓalle maɓallai har wuya cikin zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Gaskiya ya yi kyau. Madam ta zo ta zagaya shi, ta shafa ulun, ta juya maɓalli ta duba bayansa, ta shinshina, ta yi atishawa. Idonta ya yi ƙwalla, ban sani ba ko barkono ne. Ta ce tun da ta fara wanga aiki ba ta taɓa riƙe na gaske mai kyau haka ba.

Gado ya ce, "Mi ta ce, bawana?"

"Ta ce na gaske ne."

"Da can na ƙarya ne?"

Sai ta ci gaba, ni kuma na juya kamar yadda ta faɗa, ban rage ba. Ta ce ba zai shiga hoto haka ba. Ya yi sabo da yawa. Mai kallo zai ce yanzu anka ɗinko shi. Ta kama hannunmu ta kai mu bayan wata rumfa ta nuna mana inda ake tsufantar da kaya. Jama'a, na ga sana'a. Ƙarti huɗu, aikinsu ke nan tun safe: a shimfiɗa riga sabuwa a gurza ta da dutse, a tsoma ta a taɓo, a ɗaura ta bayan kamyo a ja, sannan wani ya ɗauko ƙarfe daga wuta ya huda mata ramukan harsashi inda Madam ta yi alama da alli. Ta ce Gado ya zaɓa. Ko ya ba da nasa a yi masa haka, yini ɗaya ya isa, ko ya sa na buhu.

Gado ya dubi ƙarfen nan ja, ya dube ni. Na san Tabawa yake gani.

"Gaya mata na gode."

"Na buhun fa? Ka dai shiga hoton."

"In sa buhun gyaɗa, Matankari ta gan ni ga bango? Ni da na ce masu ciki nai za su gan ni?"

Ya koma gindin mangwaron da anka hana shiga Faransa ya zauna. Kwana da kwanaki nan yake wuni, manto a jiki, zufa na bin gemunsa, yana kallon samari suna mutuwa ana tashe su su sake mutuwa da kyau. Wata rana da azahar na kai masa cuku, na ce, "Kaporal, tsakanina da kai, matar nan ba ta yi ƙarya ba. Yaya anka yi ka shekara cikin rami, riga ko ƙwarzane babu?"

Ya tauna cukunsa a hankali. Ya ce, "Wa ya ce maka wannan ya shiga rami? Waɗanda sunka shiga rami, ranar da za mu hau jirgin komowa anka tuɓe mu tsirara, anka tara su anka sa wuta, don ƙwarƙwata. Kana jin su suna fashewa kamar ana tuyar gero. Sannan anka ba mu sababbi don mutanen gida su ga Faransa ta riƙe mu da kyau." Ya shafa hannun rigar. "In gaskiya take so, gaya mata ta samo ƙwarƙwata mudu guda ta zuba wa yaran nan. Ta hana su barci, ta hana su tuwo. Ramin harsashi ai mai shi ba ya dawowa da rigar."

Ban kai saƙon ba. Na ji tsoron kada ta karɓa.

Ranar ƙarshe ita ce ta babban hari, kuma wai cikin sanyin ƙanƙara anka yi shi. Anka sayo buhunan audugar rimi, anka kafa dakali mai tsawo na itace, anka hau da mutane da faya-fayai suna sheƙe ta bisa ramin tana saukowa fari fat. Noma ya ce wannan kam ta yi kama, sai dai waccan ba ta shiga hanci. An binne gwangwanayen albarushi nan da can. Sai ga wanda zai zama kapiten, shugaban sojan, ya fito daga tantinsa, wani kyakkyawan Bature da ba mu taɓa gani cikin taɓo ba. Kakinsa a goge, takalmi na ƙyalli, har da farin safar hannu. Na tambayi Madam ko nasa ba ya bi ta bayan rumfa. Ta ɗaga kafaɗa ta ce shi mata ke biyan kuɗi su gani. Ashe gaskiyar ma an san wanda ake shafa wa ita.

Aikinsa shi ne ya hau bakin rami ya tsaya ƙiƙam, ƙirji waje, ya ɗaga ƙaramar bindiga, ya busa usur, samari su fito bayansa a tsaye suna ihu. Mu muna can bayan akwatin hoto, an ja mana layi a ƙasa an ce kada mu ƙetare.

Albarushi ya fara tashi. Ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe. Kapiten ya hau ya busa usur.

Na juya in ce wa Gado wani abu, ban gan shi ba.

Tsohon da bai iya isa ƙafarsa ba, na hango shi yana gudu a duƙe kamar zomo, manto na kaɗawa. Yana ihu da Faransancin soja, "Kushe! Kushe!" wato a kwanta. Samari sunka ji murya irin wadda ba a yi wa gardama, sunka zube ƙasa gaba ɗaya. Ya bi ta ƙarƙashin waya mai ƙaya da ciki, na ji ƙyaaat har inda nake. Ya isa bakin rami ya cafki kapiten ta ɗamara ya fizgo shi, sunka faɗa taɓo tare, ya danne masa kai da tafin hannu. Wuta kuwa ta lashi audugar rimi, ƙanƙarar Faransa ta kama ci bal-bal tana sauka bisa bayansa.

Da na isa, yana kwance bisa Baturen yana haki, yana cewa, "Sa kai ƙasa, Ɗan Baro. Sa kai ƙasa, don Allah." Ɗan Baro wani ɗan unguwarsu ne da anka kwashe su tare. Bai dawo ba. Na kashe wutar bayansa da hulata, na kira sunansa har ya gane ni. Ya dubi mutumin da ke ƙarƙashinsa, ya ce, "Wanga kuma wane ne?"

Abin da Mai Mazurari ya faɗa ta cikin mazurari, lakkwal ɗinmu ba a koya mana shi ba. Albarushi ya ƙare, auduga ta ƙone, kapiten na tofar da taɓo yana neman haƙorinsa na zinariya, Jamusawa sun tuɓe ƙoƙuna suna ɗibar ruwa da su ana kashe gobara. Noma ya ce shi dai yau ya ga abin da ya yi kama da yaƙi.

Manto kuwa, bayansa ya zama rariya, gefe ɗaya ya tsage tun daga ƙugu, maɓallai sun bi taɓo. Madam Almakashi ta zo ta zagaya shi kamar ranar farko. Ta ja da baya ta karkata kai. Ta ce, "To. Yanzu ya yi." Har ta roƙa a bar mata shi ta sa wa wani saurayi. Gado bai jira na juya ba, ya naɗe abinsa ya tura cikin adudu. Da safe anka ɗora mu bisa kamyo. Babu wanda ya ɗauke mu hoto, ko na sallama.

Komowa ba ta da labari. A Dosso munka kai manton wajen tela, ya ɗaga shi ga rana, rana ta leƙo ta wuri ashirin. Ya ce, "Baba, wannan ba ɗinki yake so ba, addu'a."

Tabawa tana sheƙar gero munka yi sallama. Ta ajiye faifai ta buɗe adudu. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa cikin wani rami ya fito ta baya.

"Jamus ne?"

Na ce, "A'a, namu ne."

Ta ce, "Tun ina amarya nake faɗa da asu. Ashe ku ne asun." Ta rufe adudun ta miƙo mani. "Ɗauki. Da shi da mai shi."

Haka Kaporal ya tare zaurena a Dogon Dutsi, yana cin tuwona yana kushe miyar. Ranar tsoffin soja na matsowa, ya ce ba ya zuwa. Na ce in bai je ba za a ce ya mutu, a raba gonarsa. Da safen ya sa abinsa haka nan, ya ɗaure da igiya inda babu maɓalli, ya je ya laɓe can layin baya cikin masu rigar gida.

Kumandan sabo ne, yaro, bai daɗe da sauka ba. Yana bin layi yana ba da hannu, sai ya hango ta tsakanin kafaɗu. Ya ratsa ya tsaya gaban Gado. Ya dubi ƙunar, ya dubi tsagar, ya ƙame ya sara masa, abin da ba a taɓa yi wa baƙin soja ba a filin nan. Ya kama hannunsa da kansa ya kai shi gindin tuta, gaba da na gaba. Sannan ya waiwayo yana neman mai juya magana, tafintansa ba ya kusa, ido ya faɗa kaina.

"Tambaye shi, a ina?"

Na tambaya. Gado ya dubi gabansa ya ce, "Gaya mashi gaskiya. Kandi."

Na ce, "Kandi, ranka ya daɗe."

Kumandan ya rufe ido ya girgiza kai a hankali. Ya ce, "Kandi. An sha wuya a can."

Na ce ƙwarai kuwa.

Labari ya riga mu isa Matankari. Washegari Tabawa ta aiko a ce wa tsohon ya dawo gida, gero na jiran mai ɗaurewa. Ya tafi. Manton kuwa yana nan rataye a zaurena, mai son gani ya zo da goronsa. Tabawa ta ce ita ba ta ajiye kayan silima.